Tagar da Yaya Ya Kyautar

A asibitin da take aiki ba mai kiranta da sunanta. Mai Hoto kowa ke ce mata, har sunan ya biyo ta gida. Ita ce ke ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a wani ɗaki da ke ƙarƙashin bene, mai kaurin bango da ƙofa mai nauyin tsiya, ba taga ko ɗaya. Tun tana budurwa ta shiga ɗakin nan, ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. In an yi ruwa a waje, sai ta ga laka a takalman marasa lafiya sannan take sani.

Shi ya sa da Auta, ƙanwarsu da ke aure a wata ƙasa mai nisa, ta haihu, ta kuma nace lallai sai Mai Hoto da Yaya sun zo sun ga jariri, abin da ya fara faɗo mata a rai ba jaririn ba ne, Allah ya yafe mata. Taga ce. Ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, tafiyar kuma kusan yini guda za a yi a sama.

Ba ta ɗauki zaɓen kujerar da wasa ba. Ta tare likitan ƙashi, wanda ke yawan tafiye-tafiye, ta hana shi wucewa sai da ya zazzage mata duk abin da ya sani. Ya ce kar ta kuskura ta zauna daidai fiffike, in ba haka ba yini za ta yi tana kallon falangen ƙarfe. Ta guji ɓangaren da rana za ta doka, don haske zai hana ta buɗe ido. Dab da bayan fiffike ma ba daɗi, hucin inji yana sa komai ya riƙa rawa kamar ana kallo ta cikin ruwa. Kuma jirgin safe za ta nema. Har ya juya zai tafi ya dawo ya ce, "Af, akwai kujerun da sunansu na bakin taga ne, amma bango ne zalla a gefensu. Ki lura."

Kwanaki ta yi tana buɗe taswirar kujerun a waya, tsakanin wannan mara lafiya da wancan, tana faɗaɗawa da yatsu tana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ta samu wadda take so, can baya, nesa da fiffike, ɓangaren inuwa. Ta kama wa Yaya ta kusa da ita. Shi da ta tambaye shi ko yana da zaɓi, cewa ya yi, "Kujera ai kujera ce. Ke dai kin cika fitina."

Yaya shi ne babba a gidansu. Ma'aikacin ofis ne, mai fara'a, mai saurin kyauta. Matsalar ita ce kyautar tasa ba ta cika tsayawa a kan kayansa ba. Shi ya ara wa matar abokinsa keken ɗinkin Mai Hoto, keken da har yau bai san hanyar gida ba. Tun suna gaban iyayensu ya taɓa sauke baƙonsa a ɗakinta, ta dawo aiki a gajiye ta tarar da ƙaton takalmin namiji a bakin ƙofa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ai ita ba ta da matsala." Mutane kuwa sai yabonsa suke, wai hannunsa a sake yake.

Ranar tafiya suna zaune a ɗakin jira na filin jirgi, tana rungume da jakarta, sai ta ga Yaya ya miƙe zumbur kamar kujerar ta cije shi. Ya gyara wuyan riga, ya nufi wani mutum mai tumbi da farin gilashi, yana rusunawa tun daga nesa.

"Ranka ya daɗe! Ashe jirginmu ɗaya?"

Daraktan ma'aikatarsu ne, zai je wani taro. Yaya ya karɓe masa jakar hannu, ya share masa kujera da hankici, ya yafito Mai Hoto ta zo ta gaida shi. Ta gaishe shi da ladabi, ya amsa da ka, idonsa na kan waya. Ta ji yana ƙorafin cewa sakatarensa ya yi masa shirme, ya makara wajen yankar tikiti, an cusa shi a tsakiyar jirgi kamar kayan aike. Yaya na ta jinjina kai yana cewa, "Assha! Wannan ai ganganci ne."

Ba ta kawo komai a ranta ba. Da aka kusa fara shiga ta tafi ban-ɗaki, ta tarar da layi, kafin ta dawo Yaya da Darakta sun shige. Ta bi sahun ƙarshe da takardar shigarta a hannu, cike da murna, tana duba lambobin da ke saman kujeru.

Ta iso layinta. Ga wata dattijuwa a kujerar bakin hanya ta tuɓe takalma, ga Yaya a tsakiya. A bakin taga kuwa Darakta ne ya baje, har ya ɗaura bel, ya jingina kafaɗa da tagarta.

Ta sake duba takardar, ta sake duba lambar.

"Yaya, ina jin an yi kuskure."

"Ba kuskure," in ji Yaya, ya miƙo mata wata takarda ba tare da ya haɗa ido da ita ba. "Na ba Yallaɓai nan. Ke ki koma tasa, ga ta can tsakiya. Ai duk jirgi ɗaya ne."

"Ka ba shi?"

"Ki wuce mana, kin tare wa mutane hanya."

Da gaske ta tare hanya. Wani na bayanta yana dungurinta da jaka, wata na tsaki. Darakta ko ɗagowa bai yi ba. Ƙafafunta, da suka saba bin umarnin Yaya tun tana rarrafe, suka ɗauke ta suka kai ta inda aka ce.

Kujerar Darakta tana cikin layin tsakiya, mai mutum huɗu, ita ma a tsakiyar. A damanta wani ƙato mai faɗin kafaɗa ya riga ya mallake wurin ɗora hannu. A hagunta wata mata ta lulluɓa da bargo har ka tun jirgi bai motsa ba. Mai Hoto ta zauna ta matse gwiwoyi, ta ɗaura bel.

Jirgi ya yi gudu, ya ɗaga. Ta ji cikinta ya yi ƙasa, ta ji yara a can gefe suna ihun ga gidaje sun zama ƙanana. Ta miƙa wuya iyakar miƙawa. Abin da ta gani shi ne kunnen ƙaton nan, da wani ɗan yanki na haske can nesa. In ta karkata sosai tana hango ƙeyar Darakta da gefen tagarta. Tana cikin hangen, jirgi bai ma gama daidaita ba, ta ga hannunsa mai agogon zinariya ya ɗago, ya ja murfin tagar ƙasa, ƙarap. Ya gyara matashi, ya kwantar da kai.

Barci. Barci zai yi.

Da ya karɓa don ya kalla ne, da ta ce to, ɗan'adam ne, shi ma yana so. Amma ya karɓa ya rufe! Kwanakin da ta yi tana bin taswira, tarar likita da ta yi kamar mai bin bashi, jirgin safen da ta dage a kai har suka yi musu da Auta, duk don wani ya samu bangon jingina kai. Ta ja tsaki mai tsawo har ƙaton ya waiwayo.

Aka kawo abinci, ta ci loma biyu ta rufe. A ɗan allon da ke bayan kujerar gabanta akwai taswira, da hoton ƙaramin jirgi yana rarrafe a kan launin ƙasa-ƙasa. Duk abin da yake ratsawa yana nan ƙarƙashin ƙafarta, na gaske, ita kuma an bar ta da zane. Ta kashe allon. Ta sake kunnawa. Ta shirya maganganun da za ta faɗa wa Yaya in sun sauka, ta warware, ta sake shiryawa da waɗanda suka fi zafi. Can kuma sai fushin ya juyo kanta. Mace da girmanta, wadda manyan mutane ke tsayawa gabanta ta ce su ja numfashi su riƙe, su riƙe ɗin, a ce mata "wuce" ta wuce kamar akuya?

An yi nisa da tafiya sai muryar matuƙin jirgi ta fito. Ya ce sararin yau garau yake, waɗanda ke ɓangaren dama in sun leƙa za su ga jerin tsaunuka da dusar ƙanƙara a kansu, ba kullum ake dacewa da ganinsu haka ba.

Ɓangaren dama. Ɓangarenta.

Ta ji ana ta ɗaga murafen tagogi, haske na faɗowa cikin jirgin layi-layi. Mutane na miƙa wayoyi, wani yaro na kiran babansa. Layi ɗaya ne ya zauna cikin duhu.

Ta kwance bel. "Malam, ba ni hanya."

Ƙaton ya dube ta, ya ga fuskarta, ya tattara ƙafafunsa ba musu.

Yaya na ganinta tsaye a kansu ya sha jinin jikinsa. Ya ɗora yatsa a baki, ya nuna Darakta da ido. "Lafiya? Barci yake."

"Na gani. Tashe shi."

"Kina hauka ne?" ya ce da raɗa. "Koma ki zauna, ma yi magana in mun sauka."

"In mun sauka me zan gani, Yaya? Kwalta?"

"Don Allah kar ki kunyata ni. Kin san ko wane ne wannan?"

"Na sani. Mutumin da ke zaune a kujerata ne."

Ta miƙa hannu ta saman Yaya ta taɓa hannun kujerar. "Yallaɓai. Yallaɓai, a gafarce ni."

Darakta ya buɗe ido ɗaya, ya laluba gilashinsa. "Mun iso ne?"

"Ba mu iso ba. Kujerar nan tawa ce, ina so in zauna."

Ya dube ta, ya dubi Yaya. "Ba ita ce ƙanwar taka ba? Ba kai ka ce min tsoron sama take ba, in ta leƙa taga jiri ke ɗibarta?"

Mai Hoto ta juya a hankali ta kalli wanta. Yaya ya shiga gyaran bel ɗin da ba abin da ya same shi.

"Ni ce mai jiri?"

"Cewa na yi wataƙila..."

"Ni? Wa ke hawa tsani ya gyara wa Inna rufin ɗaki in ya yi yoyo, kai kana ƙasa kana riƙe da tsanin kana salati? Ka kyautar da kujerata bai ishe ka ba, sai ka haɗa min da ciwon da ba ni da shi?"

Dattijuwar da ke bakin hanya, wadda tun ɗazu take bin su da ido, ta gyara zama. "Faɗa masa, 'yata. Ni ma tun da muka tashi nake cewa wannan bawan Allah ya toshe mana duniya."

Darakta ya haɗe rai. "Baiwar Allah, mene ne abin tada jijiyar wuya? Me ke cikin taga? Gajimare ne kawai. In leƙawa kike so, ga shi." Ya ɗaga murfin kamar faɗin tafin hannu. "Leƙa ki koma."

Wannan ɗan ɗagawar ta fi komai ƙona mata rai. Kamar an gutsuro mata abincinta an miƙo mata sadaka.

"Ba leƙe na zo yi ba, Yallaɓai. Zama na zo yi."

Ma'aikaciyar jirgi ta iso tana turo keken shayi, ta tarar an tare hanya. Ta tambayi abin da ke faruwa. Yaya ya riga kowa, ya ce ba komai, magana ce ta cikin gida. Mai Hoto ta miƙa mata takardarta. Ma'aikaciyar ta duba, ta dubi lambar da ke sama.

"Madam, kujerarki ce. Kin yarda da musayar ne?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Ma'aikaciyar ta juya wajen Darakta da murmushin aiki. "Yallaɓai, sai haƙuri."

Kafin a fito da shi sai da dattijuwa ta nemo takalmanta ta miƙe, Yaya ya fito, sannan Darakta ya jawo tumbinsa yana huci, matashi a hammata, waya na zamewa. Idanun layuka uku na kansu. Yaya, da gumi ya keto masa duk da sanyin jirgi, ya tare shi. "Ranka ya daɗe, ba za ka koma can ba. Zauna a tawa, ni zan je." Ya karɓi takardar tsakiyar daga hannun ƙanwarsa kamar zai yage ta, ya ce mata ƙasa-ƙasa, "Kin kyauta. Allah ya saka." Ya wuce wajen ƙaton.

Haka Mai Hoto ta shige bakin tagarta, Darakta ya zauna a gefenta yana cika yana batsewa. Kujerar har da ɗumin jikinsa. Ta sa hannu biyu ta ɗaga murfin har sama.

Tsaunukan sun wuce. Sai da ta manna kunci da gilashin ta waiga baya sannan ta hango wutsiyarsu, wasu ƙusoshi farare ƙal suna nutsewa a ƙarshen sarari. Ko minti ba ta yi tana ganinsu ba suka ɓace. Hawaye suka cika mata ido, na takaici, ta share da gefen mayafi da sauri don kar su ƙara cinye mata wani abin.

Amma ƙasa ba ta ƙare ba. Ga tuddai jajaye suna gangarowa, ga busassun koguna sun rarrabu reshe-reshe, sak jijiyoyin huhu a hoton ƙirjin mai lafiya. Ga wata hanya siririya miƙe sambal, ba gida ba bishiya, ta rasa wa ya shimfiɗa ta kuma ina za shi. Can sai gonaki suka ɓullo, wasu zagaye kamar an kifa faranti an zana. Gajimare ƙanana suna tafe a ƙasa da ita, kowanne yana jan inuwarsa a kan gonakin. Ba ta taɓa tunanin girgije yana da baya ba.

"Hasken nan yana damuna," in ji Darakta.

"Sun raba abin rufe ido, Yallaɓai. Yana cikin aljihun kujera."

Ya yi ƙwafa. Dattijuwa ta ce, "'Yata, ɗan matsa kanki baya kaɗan in samu." Mai Hoto ta matsa, tsohuwar ta leƙo ta gaban tumbin Darakta, suka yi ta nuna wa juna abubuwa ta samansa kamar ba mutum a wurin. Da ƙasa ta ƙare teku ya fara, suka ga bakin gaɓa ya yi fari da kumfa, ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi mai duhu, jiragen ruwa kamar tsinken ashana kowanne da farin layi a bayansa. Wuyanta ya ƙage, ƙafarta ta yi tsami, fitsari ya matse ta, ta ƙi tashi. Ba ta yarda ta bar kujerar nan ko na ƙiftawar ido ba har tayoyin jirgi suka daki ƙasa.

A wajen ɗaukar kaya Yaya ya same ta, idonsa ja, rigarsa duk ta yamutse.

"Kin san abin da kika yi min? Mutumin nan sa hannunsa kawai nake jira a ƙara min girma. Shekara da shekaru ina lallaɓa abu, kin zo kin rushe shi saboda gajimare."

"Da ka ba shi taka tun farko, Yaya. Ita ce taka."

"Tawa ta tsakiya ce, ina za ta burge shi?"

"To ka ji."

Sai Yaya ya hango akwatin Darakta ya zagayo. Ya ruga ya sungumo shi, ƙaton akwati, har yana tangaɗi. Ya jawo shi gaban Darakta, ga jakar hannun mutumin a kafaɗarsa, nasa akwatin kuwa ya wuce ya sake zagayawa.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da abin da ya faru. Yarinya ce, ba ta san..."

Darakta na danna waya. "Ba komai, ba komai." Ya ɗago ya dube shi sama-sama. "Wane sashe ma ka ce kake?"

Mai Hoto ta dubi wanta. Mutumin da ya ba ma'aikatar nan ƙuruciyarsa, wanda ko zazzaɓi yake sai ya je, wanda ke ambaton Darakta a gida kamar tare suke karyawa. Ta ga ya haɗiye abin, ya washe baki, ya faɗi sunan sashen nasa har da ɗan rusunawa.

"Yawwa, yawwa," in ji Darakta. "Mu je, mota na jira a waje."

Fushin da ta yi zaton ta bar shi a jirgi ya taso mata sabo, wannan karon ba ta ma san wa ya fi ba ta haushi a cikinsu ba. Ta taka ta zare jakar daga kafaɗar Yaya, ta ɓamɓare yatsunsa daga hannun akwatin, ta tura su gaban takalman Darakta.

"Yallaɓai, ga kayanka. Ga amalanken kaya can a jere, kyauta ne. Wana yana da ciwon baya, ni na ɗauki hoton."

Darakta ya buɗe baki. Ba ta jira ba, ta kama hannun rigar Yaya ta ja shi wajen nasu akwatunan. Ya biyo ta yana waiwaye.

"Kin ƙara," ya ce.

"Na ƙara. Ɗauko naka, ga shi can zai sake wucewa."

Ya ɗauko. Suka nufi ƙofar fita, shi a gaba yana jan akwati da ƙarfin da ya wuce kima, ita a baya tana murza wuyanta da ya ƙage. Ta cikin gilashin ƙofa suka hango mijin Auta yana ɗaga musu hannu biyu, ga Auta a gefensa da jariri a kafaɗa, tana tsalle kamar ba mai jego ba.